Injin Wandi da Gonar Masoron Nek Saodah

Ku tsaya in ba ku labarin ɗan kawuna Wandi, don wallahi in ban rubuta shi ba cikina zai fashe. Yanzu haka ina shago, wayoyin mutane uku a buɗe a gabana, amma su jira. Sunan ƙauyenmu dai ba zan faɗa ba, sunayen mutane ma na ɗan juya su. Kawuna kuwa ba na jin tsoronsa, ba ya karanta abin da ya wuce layi biyu.

Wandi shi ne na farko a zuri'armu da ya haye teku ya tafi jami'a a tsibirin Jawa. Abin da ya je karantawa wai sanin ma'adinai da yadda ake tace su daga ƙasa. Mu kuwa nan tsibirinmu na Bangka yaro kan fara taka kuza tun kafin ya iya ɗaura wando. Amma ban da Wandi. Bai taɓa riƙe akushin wankin kuza ba, don ubansa Mang Sopian ya ce hannun ɗansa na biro ne. Shi kansa Mang Sopian ɗin shekara ashirin ya yi yana yaga tikiti a jirgin ruwa, in ka zuba masa kuza da garin kofi ba zai bambance ba sai ya sa a ruwan zafi.

Zango uku kacal Wandi ya yi ya dawo hutu. Ya sauko daga mota da farar riga irin ta likitoci, da hular kwano ruwan ɗorawa, da 'yar guduma a ƙugu, da wani ɗan madubin ƙara girman abu rataye a wuya. Rana tana dukan mutum kamar an biya ta, shi ko maɓalli ɗaya bai ɓalle ba.

Shagona ya fara tsayawa.

Na ce, "Wandi! Sannu da hanya!"

Ya ce, "Desti, daga yau Injiniya."

"To Injiniya, uban wa ka yi wa tiyata a mota?"

Bai kula ni ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani ɗan dutse a bakin shagon, ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya leƙa ta madubi. Masu shan kofi a rumfar kusa duk suka juyo. Sai kawai ya fito da harshe ya lashe dutsen. Wai haka masana suke yi.

Ya ce, "Wannan ya kai shekara miliyan ɗari biyu."

Na ce, "Bara dai babanka ya rushe tsohon masai. Ragowar sumuntin ke nan."

Ya tofar, ya sake tofarwa, ya goge harshe da farar rigar. Ya ce, "Shi ya sa na ji ɗanɗanon bai yi daidai da littafi ba."

To bari in gaya muku abin da ke ƙasa. Kakarmu Nek Saodah tana da gonar masoro, sanda ɗari uku da masoron ke hawa, ita da marigayi kakanmu suka kafa su da hannunsu. A ɓangarenmu kaf ita kaɗai ce gona da ta rage. Gabas kududdufi, yamma kududdufi, duk ramukan da aka ci kuza aka bari, ruwa shuɗi shar kamar a hoto, ƙasa fara fat ko ciyawa ba ta fitowa. Na bayan makaranta ma kada ya tare a ciki. Mang Sopian ya fi shekara goma yana bin Nek a tone gonar, ita kuma amsarta ɗaya ce: a'a. Kuma ba don ba ta san kuza ba. Shekara arba'in ta yi a ruwa tana juya akushi, gwiwoyinta a can suka ƙare.

Kwana biyu da dawowar Wandi aka yi ruwan sama. Ya shiga gona yana ɗaukar kansa bidiyo, sai ya ga baƙin yashi ya kwanta a kwarin kunya. Ya durƙusa ya ɗora madubi. Ihun da ya yi sai da kaji suka watse.

"Nek! Nek! Kina zaune a kan arziki kina tsinkar yaji!"

Nek tana kan kujerarta tana murza masoro. Ta ce, "Cire takalminka daga kan saiwa."

"Nek, wannan kasitarait ne!"

"Allah ya ba shi lafiya."

"Kuza nake nufi! Sunanta ke nan a jami'a!"

"Au, har suna suka sake mata? To ku gaisa."

Mang Sopian da jin haka ya fito da zani a ƙugu, burushi a baki. Kafin azahar ya gaya wa ƙauye duka cewa kimiyya ta yi magana. Kafin la'asar ya jawo dagaci har gida, wai a zo a yi wa tsohuwa bayani.

Mang Sopian ya ce wa uwar tasa, "Mak, da kin ce ni jahili ne ban san komai ba. To ga mai ilimi. Jikanki ne, ba bare ba."

Nek ta daɗe tana kallon Wandi. Ta kalli hular, ta kalli gudumar, ta kalli hannayensa masu laushi kamar na jariri. Ta ce, "Kai ɗan nan, a can makarantar taku, ka taɓa wanke kuza?"

"Nek, wankewa ai aikin da ne. Mu inji muke amfani da shi."

"Madalla. To dagaci, ka zama shaida. Saura kwana goma Maulidi. Rami ɗaya zai haƙa a gonata. Shi da kansa zai tace, ba wanda zai sa masa hannu. Ranar da aka kai tiren abinci masallaci, ya kawo gwangwanin madara ɗaya cike, Ko Afuk ya gwada a gaban jama'a. In kuza ce, ku tone. In ba ita ba ce, kada in sake jin maganar nan, ina raye ko ina kwance."

Ko Afuk shi ne mai sayen kuza a garinmu, tun ubansa. In ya ɗaga gwangwanin madara cike da yashi, kafin ya ɗora a sikeli ya riga ya san abin da ke ciki, don kuza ta gaske nauyinta kamar ta ja hannunka ƙasa.

Wandi ya yi dariya. "Gwangwani ɗaya? Nek, ki ce buhu."

"Gwangwani ya ishe ni."

Ni dai a raina na ce shi ke nan, tsufa ya kama Nek. Washegari kuwa sai ga katafila. Mang Sopian bai ma jira ba, ya sa an kawo ta an ajiye a bakin gona, hannunta a miƙe a kan layin masoro na farko. Direban ya shimfiɗa tabarma a inuwarta ya kwanta, jiran Maulidi kawai yake.

Aka fara da zaɓen wurin rami. Wandi ya zagaya gona da waya a hannu yana ƙirga taku, yana rubuta lissafi, yara na binsa a baya. Ya tsaya a bakin shinge ya ce nan ne, lissafi ba ya ƙarya. Ya ɗaga diga ya sara sau uku. A na huɗu ruwa ya yi tsiri sama ya cire masa hula.

Ya ce, "Kun gani! Ruwan ƙarƙashin ƙasa! Babbar alama ce!"

Sai ga maƙwabciyarmu Bik Rohana ta fito da tawul, kai duk kumfa, ido ɗaya a rufe.

"Wane ɗan banzan ne ya fasa min bututu ina tsakiyar wanka?"

"Bik, ki yi haƙuri, binciken kimiyya ne."

"Kimiyyar ce za ta ɗauraye min kai? Zo nan in bincike ka!"

Ta bi shi da bokiti har kusan masallaci. Da ya dawo a jiƙe, Nek ta nuna masa wata kusurwa da sandarta, inda babu shuka. Ta ce, "Haƙa can, ka bar mutane su yi wanka." Ya ce dama can ne wuri na biyu a lissafinsa.

Kwana biyu yana haƙa, tafukansa suka yi ƙulu-ƙulu, ya tara yashi tuli guda. Sai ya ce kafin a tace sai an yi gwaji. Wai a jami'a akan ɗora ƙwayar yashi a kan kwanon rufi a ɗiga mata ruwan asid, in ta yi fari kamar azurfa to kuza ce. Kwanon rufi kuwa bai ga na cirewa ba sai na akurkin Nek. Ya ɓamɓare shi, kaji goma sha ɗaya suka fito kamar an tashi makaranta. Suka nufi ina? Gidan Bik Rohana, inda ta shanya ƙananan jatan lande a tabarma.

Shi bai ma sani ba. Ya zo shagona ya tsiyayi ruwan tsohon batir a kofi, ya koma ya tsuguna, ya tara yara yana musu lacca. Daidai lokacin Bik Rohana ta ɓullo da tsintsiya. Ya zabura, kofi ya kife a cinyarsa. Kafin ya kai rijiya farar rigar ta zama rariya, wandon kuma ba zan faɗi inda ya huje ba, amma ya yi sauran tafiyar da hular kwano a bayansa.

Masu shan kofi suka ce, "Injiniya, ya gwajin?"

Ya ce, "An samu sakamako. Asid ɗin na da kyau."

Rana ta biyar ya sake zuwa shagona, cikin rigarsa mai huji-huji. Nek ma tana nan, ta kawo rediyonta ya daina kama tashar wa'azi.

Ya ce, "Desti, duk wani mayen ƙarfe da ke shagon nan ina so. Na tsoffin lasifika, na komai."

"Me za ka yi da su?"

"Inji zan haɗa. Na gan shi da idona a ɗakin gwaji. Yashi na bi ta kan bel, mayen ƙarfe na kama mai amfani, shara ta zube ƙasa."

"Wane ma'adini kuka tace a ranar?"

"Na ƙarfe ne, ina ji. Ma'adini ai ma'adini ne."

"Ranar da aka yi na kuza fa?"

"Ranar muna da wasan ƙwallo."

Na buɗe baki. Na ce, "Wandi, ai ita kuza ba ta..."

Wani abu ya sauka a kan babban yatsan ƙafata. Sandar Nek ce, kuma ta ɗora duk nauyinta a kai. Fuskarta kuwa sumul, tana kallon rediyo.

Ta ce, "Desti, ke kin je jami'a ne?"

"A'a, Nek."

"To ba Injiniya abin da ya ce."

Na kwaso na ba shi, ina ɗingishi. Ya ce ba su isa ba. Ya koma gida ya farke manyan lasifikun karaoke na babansa guda biyu, waɗanda Mang Sopian ke damun unguwa da su kowace Lahadi. Mang Sopian ya tsaya yana kallo kamar ana yanka ɗansa, amma ya daure. Ya ce, "Cire, ɗana, cire. In aka tone gonar nan, wanda zan saya sai an ji shi har birnin Palembang."

Injin dai ga yadda yake: injin kankare kwakwa na Nek, da tsohon tiyub na babur a matsayin bel, da guntun bututun Bik Rohana da ya fasa, da mayen ƙarfe jere a ciki. Ya kewaye shi da tampol, ya rubuta da gawayi cewa ba a shiga, sirrin kimiyya. Wai kada a sace masa fasaha.

Amma ranar tayarwa ya kasa haƙuri, ya gayyaci dagaci shi kaɗai. Dagaci ya leƙa, ya matsa kusa. Mukullin babur ɗinsa da ke rataye a ƙugu ya yi tsalle ya manne. Dagaci ya bi mukullinsa, wando ya bi dagaci. Wandi ya rikice, maimakon ya kashe sai ya ƙara wuta. Bel ya kwashi yashi ya watsa ta tagar kicin, kai tsaye cikin tukunyar miyar kifi da abarba da Nek ta ɗora. Dagaci ya fito riƙe da wando da hannu biyu, bai ga komai ba sai ƙasa.

Ranar mun ci shinkafa da miya mai ƙaras-ƙaras. Mang Sopian yana tauna yana cewa, "Ku ci, ku ci, arziki kuke taunawa."

Daga nan fa inji ya kama aiki. Ta bayan tampol kana jin ƙugi tun safe. Wandi na zuba yashi, baƙin gari na mannewa, yana kankarewa da cokali yana tarawa a gwangwanin madara. Sauran da ya zube ƙasa, wanda ya kira shara, yana taruwa a baho. Nek kuwa ta zama mai tausayi ba zato. Kullum da safe za ta zo ta ce, "Kawo sharar nan in zubar maka, kada ka wahala. Dama rafi zan je duba masoron da na jiƙa." Ta ɗora baho a baro ta tafi, in ta dawo ta juye a bayan kicin.

Wandi ya ce min, "Kin gani? Har tsohuwa ta sallama wa ilimi."

Na ce, "Ƙwarai." Yatsana bai gama warkewa ba.

Ranar Maulidi kowane gida ya fito da tirensa a kafaɗa, an rufe da jan murfi, aka yi layi zuwa masallaci. Shinkafa, kifi, kaza, ƙosan rogo, komai. Aka yi addu'a, aka zauna a baranda ana shirin buɗewa. Ko Afuk na gefe a inda yake zama duk shekara, ya zo cin kifin Nek, da ɗan sikelinsa a jaka. Direban katafila ma ya zo, har ya tayar da ita ya bar ta tana ɗumi, don da an gama ci zai fara.

Sai ga Wandi. Shi ma da nasa tiren a kafaɗa da jan murfi. Riga mai huji, hula a ka. Ya ajiye a tsakiyar jama'a, ya karɓe makirufo daga hannun ladan.

"Jama'a, shekara da shekaru iyayenmu mata suna tsugune a ruwa suna juya akushi kamar masu tankaɗe. Wannan zamani ya wuce. Yau za ku ga bambancin wanda ya yi karatu da wanda ya gada."

Matan da ke bayan baranda, waɗanda rabinsu da akushin suka aurar da 'ya'yansu, suka bi shi da harara. Wata ta ce, "A buɗe mu gani, kifi na hucewa."

Ya ɗaga murfi. Gwangwanin madara cike da baƙin gari, har ya yi masa tozo.

Mang Sopian ya fara tafi shi kaɗai.

Ko Afuk ya goge hannu ya ɗaga gwangwanin. Ya ɗan jijjiga shi. Ya kalli ƙasansa ko a huje yake. Ya ɗora a sikeli, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa sikelin da yatsa, ya sake leƙawa.

Ya ce, "Wandi, ka cika shi kuwa?"

"Injiniya. Har ya zube, Ko."

"To bai yi nauyin kuza ba."

"Don tatacciya ce. Datti ne ke sa nauyi."

Wani tsoho ya ƙware da shayi.

Ko Afuk ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan mayen ƙarfensa, wanda yake kama masu haɗa masa algus da shi. Ya kai shi bakin gwangwani. Garin nan ya taso gaba ɗaya ya manne, ya yi gemu baƙi ƙirin har yana reto.

Wandi ya daka tsalle. "Kun gani! Kun gani da idonku! Ɗari bisa ɗari! Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi kamawa ba!"

Ana ta jiyo ƙugin katafila daga nesa.

Sai Bik Rohana ta fashe. Daga nan baranda ta kama. Mata na riƙe ciki, maza na dukan tabarma, liman ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na rawa.

Bik Rohana ta ce, "Wayyo cikina! Ɗan nan, jikata mai shekara biyar ta san kuza ba ta bin mayen ƙarfe!"

Wata ta ce, "Abin da muke zubarwa shi ya yi kwana da kwanaki yana tarawa!"

"Har da cokali!"

"A Jawa aka koya masa, ku yi masa a hankali!"

Ko Afuk ya share gemun da yatsa ya mayar a gwangwani. Ya ce, "Wannan shi nake sharewa daga shago kowace yamma. In kana so, akwai buhu shida a bayan gida, kyauta."

Mang Sopian ya tsaya baki buɗe. Amma kwaɗayi na sa mutum saurin lissafi. Ya daka tsawa: "Tsaya! In abin da ya kama shara ne, to kuzar tana cikin abin da ya zubar! Ina sharar?"

A raina na ce shi ke nan, gona ta tafi.

Nek tana cire ƙaya daga kifi. Ta ce, "Tana bayan kicin. Ku je ku duba, ban hana ba."

Aka bar abinci a buɗe aka ɗunguma gidan Nek, dagaci a gaba, riƙe da mukullinsa gam. Ga tulin yashi nan. Aka kawo akushi da baho na ruwa. Ko Afuk ya naɗe hannun riga ya ɗiba ya juya, ya juya, ya juya. Yashi ya tafi, akushi ya rage fari tas. Ya ɗiba daga tsakiya. Babu. Mang Sopian ya ce a ɗebo daga ƙasa. Bik Rohana ta karɓa ta juya da kanta. Ko ƙwaya.

Ko Afuk ya ɗago ya kalli Nek. Nek ta kalle shi. Ta ce, "Afuk, na ajiye maka kan kifin, yana hucewa." Ya ajiye akushi ya ce, "Babu komai a nan."

Kun san me Wandi ya yi? Ya gyara hula ya hau kan turmi.

"To alhamdulillahi! Abin da nake son in nuna ke nan tun farko! Binciken kimiyya ya tabbatar babu kuza a gonar nan. A jami'a, rashin samu ma sakamako ne. Ni na sa hannu, duk wanda ya ce akwai, ya zo mu yi muhawara!"

Dagaci ya ce, "Kowa ya ji. Mai ilimi ya yanke, Ko Afuk ya gwada. Sopian, maganar gona ta mutu."

Mang Sopian ya waiga ya ga akwatin lasifikarsa a jingine da bango, ciki fayau. Ya sunkuce shi ya yi kan Wandi. Wandi ya diro daga turmi. Sun zagaya kududdufin bayan makaranta sau biyu, yara na ihu suna cewa Injiniya ya yi hankali da kada. Direban katafila ya cinye tire guda, ya naɗe tabarmarsa, ya janye hannun nan daga kan masoro ya kama hanya.

Washegari da safe na kai wa Nek rediyonta. Ba ta kan kujera. Na same ta a kusurwar gona a bakin ramin Wandi, ga wani tsohon gwangwanin biskit a baro.

Ta ce, "Yauwa, zo ki ɗaga min wannan."

Na sa hannu ɗaya, ya ƙi motsi. Na sa biyu, sai da na yi nishi. Na buɗe. Yashi ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, yana ɗan ƙyalli, cike har wuya. Ko ni da na ƙare a gyaran waya na san wannan.

Na ce, "Nek! Daga rami ɗaya?"

"Rage murya."

"A rafi kike wankewa kullum?"

"Gwiwa ce ta mutu, hannu na nan."

"Dama kin san akwai?"

"Tun ranar da muka haƙa rijiya ni da kakanku. Shi ya ce a rufe, a dasa abin da za a tsinka bana a tsinka baɗi. Juye."

Na juye a ramin. Muka tura ƙasa muka tattake. Ta kafa sabuwar sanda a kai, ta dasa reshen masoro a gindinta, ta ɗaure shi da zare.

Na ce, "Amma kin yi kasada, Nek. Da ya iya fa?"

Ta ce, "Na ga hannunsa. Kuma na ji ya lashi masai."

Muna nan sai ga Wandi ya biyo ta bakin shinge da jakarsa, zai kama motar tashar jirgi, ya ce hutun ya ishe shi haka. Hula a ka, sabon ƙulu a goshi.

Ya ce, "Nek, zan koma. Kada ki damu da godiya, aikina ne. A dai sa min albarka."

Nek ta ɗaga hannu biyu, ƙafarta ɗaya a kan sabuwar ƙasar.

Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, ɗan nan. Allah ya ba ka ilimi mai yawa." Ta ɗan dakata ta kalli reshen. "Amma a hankali. Allah ya bari sai reshen nan ya kama sandarsa tukuna."